Ƙura ce ta tashi, ba kura ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗalibarka ce ta da, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ina rubuta ƙagaggen labari a waya, har na kai babi na tara. Ƙanena ya saka mini wata manhaja, ya ce tana gyara kurakuran rubutu da na nahawu. To amma duk shafin da na ba ta sai ta maido mini da shi ja wur, wani wurin ma ta sauya maganar mutanen labarin har ni da na ƙirƙire su ba na gane su. Akwai inda wata tsohuwa ta kira jikanta “maigidana”, manhajar ta ce kuskure ne. Malam, ni ce ban iya Hausa ba ko ita ce? In bi ta ko in goge ta? Ga shafi uku nan na haɗo maka.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tuna da tsohon malaminki. Shafukanki sun iso, na karanta su sau biyu, sannan na karanta abin da manhajar ta mai da su, na yi dariya har uwargida ta leƙo daga madafi tana tambayar ko lafiya. Ke da manhajar duk akwai inda kuka kauce, sai dai naki na gyaruwa ne cikin mako guda, nata kuwa a jininta yake. Ba da ka nake faɗa ba. Kafin in kama alli na yi shekaru ina duba kurakuran ɗab'i a wata maɗaba'a a Kano, zamanin da littattafan soyayya ke tashe, kuma har gobe yara na kawo mini rubutunsu in duba.

Bara waccan wani yaro da na koyar, ɗan wajen Taura, ya rubuta labarin wani biki. Da hannu ya rubuta a littafin makaranta, rubutu tsaf, kowace ƙugiya a mazauninta. Ya kai wani shagon kwamfuta a cikin gari aka buga masa, mai shagon kuma don ya burge shi ya bi aikin da abin gyara kafin ya fitar a takarda, ya ce masa babu sauran kuskure. Ɗoki ya hana yaron dubawa. Da daddare aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka haska fitilar waya, ya miƙa wa ƙanwarsa 'yar aji shida ta karanta wa kakarsu. Ita kuwa yarinya abin da ta gani a takarda shi take faɗa.

“Motar amarya ta tashi, kura ta bi bayanta ta rufe 'yan rakiya.”

Tsohuwa ta ce, “Innalillahi! Da rana tsaka?”

Yarinya ta ci gaba: “Da aka isa, gida ya cika da baki, amarya kuwa tana daka tana kuka.”

Nan tsohuwa ta ajiye carbi. Ta ce, “Waɗanne irin dangin miji ne waɗannan marasa imani? Yarinya ta tsallake bakin kura, ko lallen hannunta bai dushe ba, a miƙa mata taɓarya?”

Ƙura ce ta tashi, baƙi ne suka cika gida, amarya kuma tana ɗaka. Ƙugiya uku suka faɗi a hanya, biki ya koma tashin hankali. Abin lura shi ne na'urar ba ta ga laifin komai ba, don ita ba labari take karantawa ba. Kalma take ɗauka ta duba cikin jerin da aka ba ta, in ta same ta a ciki ta wuce. Kura kalma ce, baki kalma ce, daka kalma ce. Haka za ta bar miki fada a wurin faɗa, kafa a wurin ƙafa, saka a wurin saƙa, bari a wurin ɓari, kuma kin san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe a labarin mace mai juna biyu.

Ƙugiyar nan ba ado ba ce, an sha wuya kafin a same ta. Tun 1912 Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Aka yi ta gwaji, wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su rataya masa alama a gefe, har zuwa shekarun 1930, zamanin Rupert East a hukumar talifi ta Zariya, da ɓ da ɗ da ƙ suka zauna. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi zaman Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980, duk a kan yadda za a rubuta harshen nan. Da kwamfuta ta zo kuwa ba ta san da zamansu ba, sai da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙera haruffa na musamman a shekarun 1990. Dabarar wancan lokacin ita ce a ari maɓallin da Hausa ba ta amfani da shi a ɗora masa harafi mai ƙugiya. Shi ya sa in aka kai aikin wata kwamfutar da ba ta da irin haruffan sai asiri ya tonu, ki ga }asa da ]aya da ~arawo, ko kuma qasa da xaya da varawo. Masu shaguna da yawa suka ga abin da ya fi sauƙi shi ne a zubar da ƙugiyar gaba ɗaya. Yau wannan uzurin ya ƙare, don allon rubutu na waya irin su Gboard yana da Hausa, haruffan suna nan.

Abin da ake kira manhajar gyaran rubutu ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da kalar wautarsa. Na farko shi ne mai jerin kalmomin nan. Jan layin da kike gani mai kama da sawun maciji ya shahara ne tun daga Microsoft Word na 1995, koren layin nahawu ya biyo baya a na 1997. In kalma ba ta cikin jeri, sai a nemo wadda ta fi kama da ita a haruffa, wato wadda za a samu in an cire harafi ɗaya, ko an ƙara, ko an musanya. Ma'ana ba ta cikin lissafin. To akasarin wayoyi da kwamfutocinmu a kan Turanci aka saita su, saboda haka jerin na Turanci ne. Nan ne tuwo ke komawa two, gero ya zama hero ko zero, fura ta zama fury. Na taɓa ganin shafi guda da komai ya yi ja sai kalmomi biyar: dare, wake, sake, tare, game. Mai rubutun ya zo mini jiki a sanyaye, wai ashe kalma biyar kaɗai ya iya rubutawa daidai. Na ce masa kwantar da hankalinka, waɗannan ma ba don Allah aka ƙyale su ba, an ɗauka Turanci ne.

Kada ki ce mu kaɗai abin ya raina. Su Turawan ma sun ɗanɗana. Akwai lokacin da wasu na'urorin ba su san kalmar cooperation, wato haɗin kai, ba in an rubuta ta babu karan ɗori, sai su ba da shawarar Cupertino, sunan wani gari a Kalifoniya ta Amurka inda hedikwatar kamfanin Apple take. Haka sunan garin ya yi ta kutsawa cikin takardun hukuma, har da na Tarayyar Turai, ana neman ƙarfafa Cupertino tsakanin ƙasashe. Har yau da sunan garin ake kiran irin wannan ɓarnar.

Iri na biyu dokoki aka rubuta masa, kuma da Turanci a rai aka rubuta su. Wadda ta fi cutar da mu ita ce dokar maimaita kalma: in ya ga kalma ɗaya sau biyu a jere, ya ɗauka tuntuɓen yatsa ne, a goge ɗaya. Gwada ki gani. “Inna ta ta da ita da asuba” ya koma “Inna ta da ita da asuba”. Tsoho ya ce, “Da da ne, da tuni an ɗaura auren nan”, a mai da shi “Da ne”. Mai ƙosai ta ce hamsin hamsin ne, a goge ɗaya, ta wayi gari ta sayar da tire guda a naira hamsin. Sai dai a nan zan ba shi rabin gaskiya, ko da bai san yana da ita ba. Ƙa'ida ta ce cikakken ninki da karan ɗori ake rubuta shi: hamsin-hamsin, sannu-sannu, kaɗan-kaɗan. In kin sa, ya yi shiru. Amma “ta ta da” da “da da ne” kalmomi ne mabambanta da suka yi kama, ki bar su yadda suke ko zai mutu.

Sai kuma rigimar alamar da ke gaban 'ya da 'yan da 'ya'ya. Manhajojin rubutu na ɗauka buɗe zancen wani aka yi, su juya ta ta kalli gaba, sannan su bi shafi suna cigiyar inda aka rufe. Jama'a da sa'a da ma'ana kuwa wani lokaci a raba su gida biyu, a ja layi a ƙarƙashin kowane ɓari. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da rabin wannan, don su ƴ suke rubutawa.

Taki manhajar iri na uku ce, mai ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda suka yawaita tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022. Wannan ta fi wayo, shi ya sa ta fi haɗari. Ba jeri aka ba ta ba, ba dokoki ba. Tulin rubutu aka ɗura mata, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. Komai kika ba ta, sai ta ja shi zuwa ga abin da ta fi gani. To wace Hausa ce ta fi yawa a intanet, tsararriya, mai sauƙin kwasa? Hausar labaran duniya. BBC da ta fara Hausa tun 1957, Muryar Amurka, DW, RFI, jaridu irin su Aminiya da Leadership Hausa, sai Wikipedia. Hausa ce mai kyau a muhallinta. Amma ba da ita ake faɗa a bakin rijiya ba.

Dubi shafinki na biyu. Kin rubuta:

“Ke! Wai ke wace irin yarinya ce? Tun hantsi aka aike ki rijiya, sai yanzu rana tsaka za ki shigo mana da tulu rabi? To sannu da aiki, uwar ɗakina!”

Ina karantawa ina jin muryar Goggon, har ina ganin hannunta a ƙugu. Ga abin da aka maido miki:

“Goggo ta bayyana rashin jin daɗinta dangane da jinkirin da aka samu wajen ɗebo ruwa, inda ta kuma yaba wa yarinyar bisa ƙoƙarin da ta yi.”

Goggo ta zama kakakin ma'aikatar ruwa. Saura kaɗan ta yi kira ga al'umma da su ba da haɗin kai. Kuma ki lura da “ta yaba”. Gatse aka yi, na'ura ta ɗauka yabo ne, don a duk rubutun da ta haɗiya “sannu da aiki” gaisuwa ce. Haka za ta yi da habaici, haka za ta yi da baƙar magana, haka za ta yi da gugar zana tsakanin kishiyoyi, inda kowace kalma zuma ce a sama, a ƙasa kuwa kunama. Labarin gidan Bahaushe kuwa in aka cire waɗannan me ya rage?

A shafi na uku kin ce: “Dare ya raba. Gari tsit. Ko kare ba ya haushi.” Ta haɗe su ta ce, “Da tsakar dare garin ya kasance cikin yanayi na shiru.” Duk inda kika ga “ya kasance” da “yanayi” da “dangane da” sun taru a layi ɗaya, ki san ba mutumin ƙauyenku ba ne ya yi magana. Gajerun jimlolinki su ne suka sa gaban mai karatu faɗuwa, ita kuwa gani take ba su cika ba. Amsa-kama ma haka take yi musu. Fari fat, baƙi ƙirin, kore shar, cike fal, ya yi zugum, ta miƙe zumbur: wai ƙari ne maras amfani, tunda an riga an ce fari. Wanda bai taɓa ganin sabuwar shadda ranar Sallah ba shi zai ce fari da fari fat ɗaya ne.

Yanzu ga maigidan Goggo. Na ga bayanin da ta yi miki, wai a shafin baya an ce yaron jikanta ne mai shekara shida, saboda haka akwai tufka da warwara, ko dai a ce “jikana” ko a gyara dangantakar. Wannan ba kuskuren nahawu ta kama ba, al'ada ce ta fi ƙarfinta. Kowace kaka a ƙasar nan tana da miji a cikin jikokinta, ta ce ya ƙi cefane, ta ce za ta kai shi ƙara wurin alƙali, kakansa namiji kuma ya ce da shi abokin takara. Jika mace kuwa kishiya ce, ko amaryar kakanta. Irin wannan wasan ne tsakanin taubasai, da Kanawa da Zagezagi, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa. Ki sa Bafulatani ya ce da Babarbare “bawana” a labari, ki ga yadda manhaja za ta tashi tsaye tana yi miki nasiha a kan cin zarafi, alhali mutanen biyu kwano ɗaya suke ci.

Kunya ma ba ta san ta ba. Wata marubuciya ta kawo mini babi inda miji ya dawo daga gona, matar ta karɓi fartanya ta ce, “An dawo? Sannu da zuwa. A kawo ruwa?” Manhaja ta ce ba a san wanda ake nufi ba, ta gyara: “Ka dawo, Audu?” A ƙauyen da aka kafa labarin, matar da ta kira sunan mijinta gatsal haka a gaban surukarta, ai wani sabon labarin aka buɗe. Wannan “an” ɗin da na'ura ke gani kamar ɓoye mai aiki, a bakin matar ladabi ne, wani lokacin ma shagwaɓa. Haka uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai “wannan yaron” ko “yayanku”. Marubuciya ta yi shafi arba'in tana kiyaye alkunyar nan, don ranar da uwar za ta kira sunan a gadon asibiti mai karatu ya ji abin har ƙashinsa. Manhaja ta bi ta cusa sunan tun daga shafin farko, wai don a fahimta. “Su Baba sun iso” kuwa, in Baba shi kaɗai ya zo, sai ta ce a mai da shi “Baba ya iso”.

Akwai wata matsalar da ba laifin kowa ba ce, ta rubutunmu ce. Ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali a boko. Kuka na iya zama na hawaye, ko na miya, ko “kuka zo”. Gado na kwanciya ne ko na magada. Fari launi ne, ko rashin ruwan sama, ko na ido. Mu zancen ne ke raba mana, ba ma ko lura. Wata yarinya ta rubuta, “Ta kawo masa kunu a ƙoƙo, maigida ya sha duka.” Manhaja ta ja hankalinta cewa ba a bayyana wanda ya doke shi ba, kuma ba a shimfiɗa dalilin rikicin ba tun farko. Bawan Allah kununsa ya shanye.

Wasu kuma sun gano wata dabara tun da Google ya sa Hausa cikin harsunan fassararsa a 2013: su juya labari zuwa Turanci, su gyara da irin su Grammarly, wadda don Turanci aka gina ta, su sake juyowa Hausa. Kada ki fara. Turanci ba ya raba “ka” da “ki” da “ku”, duk kalma ɗaya ce. In labari ya je ya dawo, sai ki tarar saurayi ya durƙusa gaban budurwa yana cewa “ina son ka”. Kasuwa ta daina ci, rana ta daina faɗuwa, wadda ta sauka lafiya a tambaye ta daga wace mota.

Karin harshe shi ne abin da na fi jin takaicinsa. Ki je Maigatari ranar Alhamis ki tsaya a kara minti goma. Basakkwace na cewa wanga da ɗiyata da hwara, mutumin Zazzau na cewa mota na, Bakano na cewa guri da yai da tai, ga mutanen Nijar da tasu. Da kunne kaɗai za ki san wa ya zo daga ina. Marubucin kirki da wannan yake aiki: mutum ya buɗe baki, mai karatu ya san garinsu ba sai an faɗa ba. Manhaja kuwa guga take yi musu, kowa ya fito da Hausa ɗaya kamar 'yan makaranta a layin taro. Ƙa'idar da nake koyarwa ita ce, muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, abin da ke cikin alamar zance kuwa na mai maganar ne, yadda bakinsa ya ba shi.

To, na gama da ita, saura ke. Kada wautar na'ura ta zama miki mafaka, don cikin jan da ta zuba akwai wanda kika ci. A shafi uku na ƙirga “tace” sau goma sha ɗaya. Tace aikin rariya ne, da na hukumar da ke duba finafinai da littattafai a Kano. Abin da Goggo ta yi shi ne “ta ce”. Haka “yayi”: yayi shi ne abin da ake yi a daina, kamar ɗinkin bana, amma yaro “ya yi” kuka. “Tafi” umarni ne, “ta fi” kuwa fifiko. “Akan” na sabo ne, akan yi ruwa a watan Agusta, amma tulu “a kan” gammo yake. “Nasa” mallaka ce, “na sa” aiki ne. Kin rubuta “koda” a wuri biyu, wanda in aka ɗora masa ƙugiya ya koma kayan mahauta. Waɗannan ba salo ba ne, ba karin harshe ba ne, sakaci ne, kuma na koya muku su a aji biyu, ina tune da ranar. Suka, muka, kuka, yana, tana, yakan, sukan, a haɗe. Za su, za ta, ba ta, ya ce, a rabe. Gidansa da motarta a haɗe.

Abin haushin shi ne ko a nan ba za ki dogara da manhajar ba ɗari bisa ɗari. Da yake rubutun da ke yawo a Facebook da WhatsApp ya cika da “yace” da “tace” da “xan” da “qawata”, wata manhajar ta gan su da yawa har ta ɗauka su ne daidai. Na taɓa rubuta “ta ce” wayata ta haɗe mini su. Allon rubutun waya ma koyo yake daga yatsun mai shi: in kin saba rubuta kuskure, gobe shi zai miƙo miki da kansa, kamar yaron da aka lalata.

Ba zan ce ki goge ta ba. Ni ma ina amfani da irinta, yadda nake amfani da yaron da ke taya ni tsince tsakuwa a wake: ya nuna, ni in ɗauke. Ki shiga saitin waya ki kashe gyara-da-kanka, ki sa allon Hausa. Kafin ki ba kowace manhaja babi, ki ajiye kwafinsa a wani wuri daban, don na ga wadda ta rasa asalin babi huɗu, sai Hausar sanarwa ta rage mata. In za ki ba ta aiki, ki gaya mata ƙarara ta lissafo kalmomin da take zargi kawai, kada ta sake rubuta ko da jimla ɗaya, kada ta taɓa abin da ke cikin alamar zance. Tana da amfani wajen kama harafin da ya tsere, da alamar zancen da aka buɗe ba a rufe ba, da sunan da ya sauya, kamar wadda take Ladi a babi na biyu ta zama Larai a na bakwai. Yace da tace da yayi kuwa ba kya bukatar kowa: wurin nema da ke cikin manhajar rubutu ya isa, ki nemo su ɗaya bayan ɗaya ki raba. In kalma ta shige miki duhu, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, akwai kuma na Bargery na 1934 da aka ɗora a intanet, wanda ya tattaro kalmomin garuruwa da yawa da ba za ki ji a rediyo ba. In kuma gasa kike hari, irin Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata, mutane ne alƙalan, masu kunne, kuma sun san Goggo in sun ji ta.

Gwajin da ya fi kowanne a wurina shi ne na tsohuwar Taura. Ki samu yarinyar da za ta karanta abin da ke kan shafi ba abin da ke ranki ba, ki zaunar da gwaggonki ko kakarki ta saurara, ke kuma ki koma gefe ki yi shiru. Inda tsohuwa ta yi dariya ki bar shi. Inda ta ce “wa ya ce haka?” ki sa alama.

Akwai abu ɗaya a shafinki na farko da manhajar ta wuce ko tari ba ta yi ba. Kin ce maza sun tafi yankan gero, layi huɗu a ƙasa kuma yara suna jifan nunannen mangwaro a bayan gari. Mangwaronmu da bazara yake nuna, gero kuwa sai damina ta ja baya. Ki zaɓi ɗaya, ko dai a bar geron a koma sharar gona, ko yaran su koma satar ɗanyar gyaɗa. In kin gyara, ki ba direban garinku sauran babin ranar Lahadi, in ya zo cin kasuwar Gujungu zan aiko yaro ya karɓa. Ki gaida mutanen gida.